Hoto Ɗaya da Baba Donatus Ya Nema

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A ƙofar masallaci, a tashar Ɗanbatta, har a gonar babanmu ranar da muke cirar gyaɗa, tambayar ɗaya ce: "Nafi'u, yaya tafiya?" Wasu kuma su rage murya su ce, "Da gaske ka shiga coci?" Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai shi gaba. Shekaranjiya na ji wai a cikin jirgin ruwa aka ɗaura auren. Shi ya sa na zauna na rubuta shi sau ɗaya, yadda ya faru. Shekara tara na yi ina karanta labarai a gidan rediyo kafin na koma ɗaukar hoton biki, kuma abin da ya rage mini daga can shi ne ba na faɗin abin da ban gani ba.

Duk mai kai riɗi ko wake Dawanau ya san Baba Donatus. Ibo ne, ɗan Katolika, ya fi shekara talatin yana sayen amfanin gona, kuma daga hannun babana, Malam Hadi, ya sayi buhunsa na farko. Hausarsa ta fi ta wasu 'yan bokonmu. 'Yarsa tilo, Chioma, a Kano aka haife ta. Ita ce za ta auri wani ɗan masu hali na Legas. Dangin ango suka ce ba a Kano za a yi ba, ba kuma a Legas ba. Sai an haye iyaka zuwa Jamhuriyar Benin, wani gari a bakin teku gaba da Kwatano, inda amarya ba ta da kowa, ango ba shi da kowa. Wai haka ake yayi yanzu: a ɗauki biki a gudu da shi inda 'yan uwa ba za su iya binsa ba.

Baba Donatus ya zo har ƙauyenmu, ya cire takalmi ya zauna a tabarma kusa da babana.

"Malam, sun ƙwace gari, sun ƙwace abinci, har kalar hular da zan sa su suka zaɓa. Mai hoto kaɗai na ce nawa ne. Ara mini Nafi'u."

Babana ya ce, "Ɗauke shi, ai ɗanka ne. Ya dai riƙe sallarsa."

Sannan Baba Donatus ya juyo gare ni. "Hoto ɗaya nake so, yarona. A wurinmu uba ne ke riƙo hannun 'yarsa daga ƙofar coci har gaban Fada, limaminmu. Tafiyar ba ta wuce taku arba'in ba. Uwarta ta rasu, ni kaɗai zan yi ta. Ka ɗaukar mini wannan. Sauran duk ka ba su."

Na ce masa ya ɗauka an gama. Ina jin har dariya na yi.

Manyan baƙi jirgi suka bi. Ni doguwar mota na shiga daga Kano, kwana da yini, jakar kyamarori a kan cinyata. Wadda ke kusa da ni wata dattijuwa ce mai kai zabi Legas. Ta ga jakata tana da faɗi, ta ɗora kwandonta a kai ba tare da ta tambaye ni ba. Da na yi magana ta ce, "Ɗana, kai da ke zaune kawai, me kake yi da cinyar?" Wajen Jebba zabuwa ɗaya ta kuɓuce ta bi kan mutane, wani mai tallan maganin basir da ya shigo ya kama ta, ya ce wannan ma shaida ce kan ƙarfin maganinsa. Na isa Legas da gashin zabuwa a hula.

A can aka miƙa ni hannun Madam Tonia, wadda aikinta shi ne tsara biki. A wurinmu gwaggo ce ke wannan aiki, kyauta, da faɗa. Ita Madam tana da wata 'yar na'ura maƙale a kunne, tana magana da mutanen da ba sa wurin, tana harar waɗanda ke wurin. Ta dube ni daga hula zuwa takalmi ta ce da Turanci, "Kai ne mai hoton baban amarya?" kamar mai tambayar ko ni ne na kawo cutar. Ta ɗaura mini wani zare a hannu. Dangi nasu ruwan zinari, abokai fari, mu ma'aikata ruwan toka. Ko a kara ban ga an ware dabbobi da irin wannan tsari ba. Ta kuma gabatar da ni ga Dayo, shugaban masu hoton da dangin ango suka ɗauko, su uku da ɗan jirgin nan mai kyamara da ake tashi da shi sama. Dayo ya leƙa jakata ya ce, "Har yanzu ana amfani da wannan?" Na ce masa har yanzu ana aure a arewa.

A bakin iyaka mun yi awa biyu. Wata ƙawar amarya ta manta katin rigakafinta, ta tsaya tana bayani cewa ita daga Landan ta zo, kamar sauro yana duba fasfo. Ni kuma wani jami'i ya sa na buɗe jaka. Ya ga kyamara biyu ya ce ɗan jarida ne. Na ce mai hoton biki. Ya ce in nuna masa. Na ɗauke shi. Ya duba ya ce in sake, tumbinsa ya fito. Na sake daga ƙirji zuwa sama, ya gyara hula, ya buga mini hatimi da murmushi. Sai da aka sauke kayan Madam don dubawa na ga abin da ke cikin manyan kwalayen: ganyen kwakwa na roba. Daga Legas ta yi dakonsa zuwa ƙasar da kwakwa ke faɗo wa mutum a ka. Wai na gasken ba ya fitowa kore sosai a hoto.

Otal ɗin a kan yashin teku yake. Ɗakunan manyan baƙi zagaye ne da rufin ciyawa, irin waɗanda muke rushewa a ƙauye da zarar Allah ya hore kwano. Na ga wata Hajiyar Legas, ko in ce takwararta, tana ɗaukar kanta hoto a jikin jinka tana cewa wannan ce rayuwa. Da ta zo garinmu da an ba ta kyauta, har da akuya a ƙofa. Mu masu zaren toka aka kai mu ɗakin direbobi a bayan janareto, da fanka ɗaya mai juyawa idan ta ga dama.

Zafin can ba irin namu ba ne. Namu yana ƙona mutum ya bar shi a bushe. Nasu jiƙa mutum yake. Rigar da na wanke ranar da muka isa, kwana biyu tana rataye ba ta bushe ba, alhali a gida kafin ka idar da sallah ta yi ƙarau. Na lura da wannan, har na faɗa wa direbobi muka yi dariya. Ban yi tunanin ya shafi aikina ba.

Abinci kuwa, faranti kamar faifai, abin da ke tsakiya kamar na ɗanɗano. Ƙaguwa, jatan lande, dodon koɗi, duk abin da ke rarrafe an yi masa ado da ganye. Na ci burodi. Washegari na bi titi har na ji ƙamshin shayi, na tarar da wani Bahaushe ɗan Maraɗi, Malam Idi, da teburinsa. Ya soya mini ƙwai, ya nuna mini alƙibla da masallacin unguwa. Ya ce, "Me ake yi a otal ɗin can?"

Na ce, "Aure."

"Na wa a garin nan?"

"Ba na kowa ba. Baƙi ne, mutum tamanin, kowa da sunansa a kan kujera."

Ya tsaya da ludayi a hannu. "To maƙwabta fa? Wa zai ci abincin?"

A wurinmu ɗaurin aure minti goma ne a ƙofar gida, amarya ma ba ta wurin, kuma wanda ya zo wucewa da keke yana da goro.

Ana gobe biki aka yi gwaji. Gwajin aure nake nufi, kamar yadda muke gwada shiri kafin a shiga iska. Cocin tsohon gini ne, dogo, tagoginsa a buɗe ba gilashi, iskar teku na ratsawa. Madam ta jera ƙawayen amarya tana ƙirga musu taku, tana koya musu inda za su yi murmushi. Baba Donatus ya ƙi tashi daga benci. Ya ce shi sau ɗaya zai yi wannan tafiya, ba wasan kwaikwayo ya zo ba. Wani direba aka sa ya tsaya a matsayinsa. Na gwada haske, na zaɓi inda zan durƙusa, hotunan gwajin suka fito tas.

A duk tafiyar nan Fada ne mutumin da na ga ya san abin da ya tara mu. Tsoho ne siriri, Faransanci yake yi da Turanci kaɗan. Ya saurari Madam har ta gama bayanin inda jirgin Dayo zai bi ta saman kawunan mutane, sannan ya ce wannan ɗakin ibada ne. Mai hoto ɗaya zai shiga, ba filasha, ba ƙetare layin da ya nuna da ƙafa. Da limamin garinmu ne ma abin da zai faɗa ke nan.

Nan rigima ta tashi. Uwar ango, mace mai jiki da murya, ta ce ai ba magana, Dayo ne. Ta ce ba za ta ba da auren ɗanta a hannun wanda ya saba ɗaukar hoton buhuna ba. Baba Donatus ya miƙe a hankali.

"Na bar muku komai ban ce uffan ba. Wannan yaron ɗan aminina ne. Idan ba shi zai shiga ba, ku nemo wani uban ya rako ta."

Chioma ta riƙo hannunsa ta ce da Hausa, don su kaɗai da ni mu ji, "Baba, ya isa, Yaya Nafi'u ne zai shiga." Aka bar shi a haka. Madam ta ƙara da nata: gobe za a karɓe wayar kowa a ƙofa a zuba a kwando, don kada hannuwa su ɓata hoto. Ke nan a cikin mutum tamanin, ido ɗaya ne zai adana abin da ya faru, nawa.

Da yammacin ranar Baba Donatus ya biyo ya ga inda nake kwana. Ransa ya ɓaci. "Ɗan Malam Hadi a bayan janareto?" Ya tayar da ma'aikatan otal, aka mayar da ni ɗaki mai rufin ciyawa da na'urar sanyi wadda ke busa iska kamar cikin firji.

Yanzu ku saurara da kyau, don a nan ne abin yake. A wurinmu zafi ne abokin gabar kayan aiki. Batir na kumbura, kyamara na ɗaukar zafi ta mutu ana tsakiyar kamu. Tun da na fara sana'ar nan, wuri mafi sanyi a ɗaki nake ba kyamara, a gida ma kusa da randa take kwana. Da na ga wannan sanyi sai na ga gata. Na buɗe jaka, na jera kyamarorin biyu da gilasansu a kan tebur daidai bakin na'urar, na ƙure ta, na kwanta ina jin na yi dabara. Da safe na mayar da su jaka mai kauri na zuge. Motar da ta kai mu coci ita ma sanyi ne a cikinta.

Da a gida ne, an ce ƙarfe goma, da sha biyu amarya tana wurin kwalliya, kuma da na tsira. Amma Madam da minti take aiki. An sauke ni a ƙofar coci saura minti biyar. Na durƙusa a wurina, na zuge jaka, na ɗaga kyamara.

Fari fat. Ba benci, ba ƙofa, ba mutum.

Na duba gilashin, ya yi gumi kamar kwalbar lemo da aka fito da ita daga firji. Na goge da ƙyalle, kafin in kai ido ya dawo. Na ciro ta biyu, ita ma haka. Na cire gilashin don in canza, wannan ne kuskure na biyu, don iskar ta shiga har ciki inda ƙyalle ba ya kaiwa. Aka fara kiɗa. Ƙawayen amarya suka shigo bibbiyu, suna murmushi a inda aka koya musu, duk suna kallona. Ina gogewa ina dannawa. Na hura, na sa a hammata, na karanta duk abin da ya zo bakina.

Mutane suka miƙe tsaye. Da idona na ga Baba Donatus a bakin ƙofa cikin jar hula, Chioma a gefensa cikin farin lulluɓi, hannunta saƙale a nasa. Yana tafiya a hankali, kansa a sama. Da ya zo daidai ni ya ɗan rage sauri, ya dube ni, don in samu yadda nake so. Na danna sau talatin da wani abu. A cikin kyamara, wani farin abu ne kusa da wani baƙin abu, a cikin hayaƙi.

Ya kai ta gaban Fada, ya ɗora hannunta a na ango, ya juyo. A lokacin ne tsakiyar gilashin ya fara washewa, kamar girman kwabo. Na danna sau ɗaya.

Bayan minti goma komai ya koma daidai. Zobe, addu'a, durƙuso, waƙoƙi, har sumbar da ango ya yi wa amarya a gaban iyayensu, wadda a garinmu da sai dattawa sun nemi ƙofa, duk na ɗauka tas, ba wanda zai kushe.

Ana fitowa ban jira an gano ni ba. A rediyo an koya mana idan ka yi kuskure a iska, kai za ka fara faɗa. Na sami Madam da Baba Donatus a inuwar coci na gaya musu. Dayo ya karɓi kyamarar ya duba, ya taɓa jikinta ya ji sauran sanyi, ya fashe da dariya. "A gaban na'urar sanyi ka kwana da ita? Ai ko yaron da ya fara jiya ya san wannan." Gaskiya ya faɗa. Yaron da ya fara jiya a bakin teku ya sani.

Madam ko gezau ba ta yi ba. A duniyarta ba abin da ke faruwa sau ɗaya. Ta taɓa na'urar kunnenta ta ce a dawo da amarya, a cire mata zobe, a mayar da lulluɓi, a tara mutum ashirin su cika bencin gaba, a sake shigowa. Minti bakwai ya isa.

Uwar ango ta ce, "A cire wane zobe? Yarinya ta zama tamu a gaban Allah. Ba mai mayar da ita ƙofa." Sannan ta juya ga Baba Donatus, da murmushin da tun jiya take ajiye da shi. "Ai mai hotonka ne."

Na zaci zai yi faɗa. Na so ma ya yi, ko da ni ne. Ya dubi ƙofar cocin, sannan ya ce da Turanci, "Ta yi gaskiya. Na riga na bayar." Ya wuce mota bai dube ni ba.

Walimar a kan yashi aka yi. An sa kowa ya cire takalmi, manyan mutane da manyan riguna suna tsalle saboda yashin ya ɗau rana. Ganyen roba na kaɗawa a ƙarƙashin na gaske. Amarya ta juya baya ta jefa furanni, 'yan mata masu digiri suka yi kokawa a kai. An sa ango da amarya sun yi gudu a bakin ruwa sau huɗu saboda jirgin Dayo bai samu yadda yake so ba, a na huɗun igiyar ruwa ta jiƙe rigar har gwiwa, Madam ta ce wannan ne ya fi kyau. Na ɗauki hoto sama da dubu a wurin, kowanne garau, ba ko ɗaya da wani zai nema bayan shekara biyu. Na yini ina raina mutanen nan, kuma har yanzu ban janye ba, amma kowannensu ya yi aikin da aka kawo shi yi. Ni kaɗai ne ban yi nawa ba.

Washegari da safe, kafin motoci su tashi, na hango Baba Donatus a teburin Malam Idi, shi kaɗai, yana shan shayi. Ashe shi ma ƙaguwar ba ta karɓe shi ba. Na yi sallama na tsuguna.

"Baba, na ci amanarka. Ka tsaya mini a gaban mutane, na kunyata ka."

Ya ce, "Ka karya?"

Na ce a'a. Ya sa aka haɗa mini. Sai da na sha rabi ya ce, "Nuna mini abin da ka samu."

Na nuna masa na hayaƙin ɗaya bayan ɗaya. Sannan muka zo kan na ƙarshen. Gefe da gefe duk fari ne, amarya da ango ba a ganinsu. A tsakiya shi ne kaɗai, ya juyo zai koma benci, fuskarsa ta fito sarai. Hannunsa na hagu har lokacin a lanƙwashe yake a ƙirji, yadda ya riƙo ta, bai tuna ya sauke ba.

Ya karɓi kyamarar da hannu biyu, ya matso da ita kusa da ido. Malam Idi ya leƙo, ya koma kan tukunyarsa.

"Ba wannan na ce ka ɗauka ba."

"Ba shi ba ne, Baba."

Ya ƙara kallo. Ya miƙo mini, ya goge ido da bayan hannu kamar hayaƙin murhu ne ya shiga.

"Wannan ba na bango ba ne. Kada ka sa shi cikin nasu. In mun koma ka wanke mini ƙarami, wanda zai shiga aljihu."